Ba Kai Ka Janye Ba, Ilyasu

Daga Allah muka fito, kuma gare Shi za mu koma, babba da yaro, mai shari'a da wanda ake yi wa. Ranar Talata 17 ga watan Nuwamba 1998, a ƙarshen watan Rajab, ina zaune a barandar kotun Maraɗi ina jiran a kira shari'ar farko, sai ga ƙanenka ya shigo a kan mobilet ɗinka, ɗan ƙaramin babur ɗin nan. Tun kafin ya kashe ta na san ba lafiya ba, domin a shekara goma sha ɗaya ban taɓa ganin wani a kanta ba in ba kai ba. Ya ce Allah ya yi wa Mushe (haka muke faɗin laƙabin Faransanci na ma'aikata) Ilyasu Shaibu rasuwa bayan sallar asuba, a gidansa na unguwar Zariya, bayan jinyar kwana tara. Bayan azahar muka kai ka Tibiri, garin iyayenka, muka rufe ka kusa da mahaifinka.

Ni ne Zakari, tafintan kotu. Aikina shi ne in tsaya tsakanin alƙali da talaka, in mayar da Faransanci Hausa, in mayar da Hausa Faransanci. Kai kuwa lauyan gwamnati ne a shari'un da ba na laifi ba. Mutanen gari da yawa ba su taɓa gane aikinka ba, suna ganin baƙar riga sai su ɗauka kai ne mai tura mutane gidan kaso. Ba haka ba ne. In motar gwamnati ta rushe katangar wani, in ɗan kwangila ya ce an karya masa alkawari, in an yi jayayya a kan filin da yake na ƙasa, kai ne kake tashi ka yi magana da sunan gwamnati. Shekara goma sha ɗaya kana magana ina juyawa, taku uku ne tsakanin inda kake tsayawa da inda nake tsayawa.

Ba na mantawa da tarin nan naka. Kai kaɗai ne a cikin masu baƙar riga kake saurarar abin da nake gaya wa mutane da Hausa. Sauran da sun gama Faransancinsu sai su koma duba takarda, ko da na ce wa mai ƙara akuya ce ta ci dosiyensa, wato takardun ƙararsa, ba za su sani ba. Kai kuwa in na karkata, ko na rage, ko na sa wa magana gishirin da ba ta zo da shi ba, sai ka yi ɗan tari guda, ba tare da ka ko dube ni ba. Da na ji sai in koma in gyara. A waje ina yi maka tsiya, ina cewa Bagobiri bai isa ya koya wa Bakatsine Hausa ba, kana dariya kana cewa, «Malam Tafinta, ni ba Hausa nike koya maka ba, tsoron Allah nike tuna maka.»

Na tuna Tsahara, mai tuyar ƙosai a Sabon Gari, wadda babbar motar wata ma'aikata ta ja da baya ta rushe mata rumfa da katanga. Ita ce ta kai ƙara, kai ne abokin shari'arta. Kwana biyu suka rage wa'adin wata takarda ya wuce mata, ba ta sani ba, kuma da ya wuce shi ke nan ka yi nasara ba tare da ka buɗe baki ba. Ka same ta a bakin ƙofar kotu ka gaya mata ranar, ka nuna mata ofishin da za ta kai. Da na ce maka kana yi wa kanka zagon ƙasa, sai ka ce gwamnatin da take cin nasara da rashin sanin talakanta ba ita ce ta ɗauke ka aiki ba. A cikin kotu kuwa ba ka raga mata ba, ka yi jayayya a kan kowane bulo, aka yanke abin da ya dace. Ranar jana'izarka ita ce ta fara isa gidan da ƙwaryar kunu.

Na tuna kuma shekarun da suka biyo bayan Babban Taron Ƙasa, lokacin da kowa ya sami baki, jam'iyyu suka fi rumfunan kasuwa yawa, yajin aiki yana bin yajin aiki, ma'aikata suna zaune a gida wata da watanni. Kotu ta zama kufai. Duk da haka kullum da safe sai ga ka, rigarka a naɗe a bayan mobilet, matarka Rahmatu ta goge ta da dutsen guga na gawayi. Ka buɗe tagar ofis ka zauna kana karanta dosiye kamar gobe za a kira shi. Mun yi maka dariya, ni ma na yi. Ka yi imani da abin nan da ake kira gwamnati fiye da waɗanda suke zaune a kan kujerunta, kuma wannan imanin ne suka yanka ka da shi.

Yanzu zan faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami, don ba yabo kaɗai ya kawo ni ba.

A gefen Jiratawa akwai wata fadama da ake kira Tsamiya Biyu. Tun shekarun fari gwamnati ta gyara ta, ta ja mata ruwa, ta raba wa gidaje arba'in da shida suna noman rani: albasa, tattasai, alkama, zogale. A takarda ƙasar ta gwamnati ce, manoma amfani kawai aka ba su. A 1993 wani attajiri na garin nan, wanda ba zan kira sunansa ba, ya san kansa, ya zo da takardar saye daga hannun wasu da suka ce kakansu ne ya sare wurin. Ya kafa turakun siminti, ya ce kowa ya kwashe amfaninsa ya tashi. Manoman ba su da ikon kai ƙara tunda ƙasar ba da sunansu take ba. Gwamnati ce kaɗai za ta iya, kuma kai ka rubuta Yamai sau huɗu har aka ba ka izinin shigar da ƙarar a soke takardar.

Shekara biyu ka yi a kan wannan shari'a. Ba a ofis ka yi ta ba. Ka naɗe ƙafar wando ka bi iyakar fadamar taku-taku tare da dattawa, kuna bin layin gambar da aka shuka tun ranar rabo. Ka zauna da kowane gida, ka rubuta sunansa, ya dangwala yatsa. A cikinsu akwai Inna Atika, dattijuwar da mijinta ya rasu ya bar mata ƙaramin fegi da jikoki biyar. Ita ce ta tare ka wata rana a gabana, ta riƙe kan mobilet, ta ce, «Ɗan Tibiri, hwaɗa mini gaskiya, in shuka ko kar in shuka?» Ka ce mata, «Inna, shuka. Gwamnati ba ta barin ku.» Ta sayar da tunkiyarta ta sayi iri.

Aka sa ranar ƙarshe, wata Laraba a watan Mayu na 1995. Duk wanda ya ga dosiyen ya san inda hukunci zai faɗi. Amma lokacin nan ne ake da masu ba da umarni biyu a Yamai, shugaban ƙasa da firaminista, kowane ɓangare yana neman masu hannu da shuni, attajirin nan kuwa ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Ranar Talata aka kira ka a waya daga ofishin da yake samanka aka ce ka janye ƙarar. Ka ce a rubuto. Da safiyar Laraba aka kawo takarda mai layi biyu, da hatimi, babu sa hannun kowa. Ka nuna mini ita a baranda. Na ce ka ƙi. Ka ce lauya bakin wanda yake karewa ne, in mai ƙara ya ce ya fasa, lauya ba shi da ikon ci gaba, ko da zuciyarsa za ta fashe.

Kotu ta cika har taga. Mutanen Jiratawa sun yi hayar motoci biyu, wasu matan da guɗa a baki suke jira. A benci na gaba kuma mutanen attajirin ne da wasu manyan jam'iyya, sun zuba mini ido. Ka tashi ka faɗi jimla ɗaya da Faransanci, mai ma'anar gwamnati ta janye ƙararta. Ka zauna. Alƙali ya dube ni don in juya.

Na ce: «Ya janye.»

Ga wanda bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, bari in bayyana. A Faransanci gwamnati namiji ce, a Hausa kuwa mace ce. Abin da ya kamata in ce shi ne, ta janye. Da na faɗi haka, kowane manomi a ɗakin nan ya san daga sama abin ya zo. Amma da na ce ya janye, namiji ɗaya ne ya tashi ya yi magana a gabansu, kuma kai ne. Shekara uku da rabi ina gaya wa kaina cewa Faransanci ne ya ja mini harshe. Wataƙila a karon farko haka ne. Amma ka yi tari, Ilyasu. Na ji. Ka sake yi, abin da ba ka taɓa yi ba. Na dubi benci na gaba, na tuna ina da ƴaƴa bakwai da aikin da waya ɗaya za ta iya raba ni da shi, na ƙi juyowa. Inna Atika ta miƙe ta ce, «Wa ya janye?» Alƙali ya buga tebur a yi shiru, ni kuma na sunkuyar da kai ina gyara takardun da ba su da abin gyara.

A farfajiyar kotu Inna Atika ta same ka. Ba ta yi ihu ba. Ta kama gefen baƙar rigarka ta ce, «Kai ka ce in shuka. Allah ya isa tsakanina da kai, duniya da lahira.» Ka tsaya ka ji ta har ƙarshe. Da kowa ya watse ka zo inda nake, na ɗauka za ka zage ni, da ma ka zage ni. Abin da ka ce kawai shi ne, «Malam Tafinta, gwamnati mace ce.» Ba ka sake tayar da maganar ba har ka koma ga Allah.

Kafin damina ta sauka an kewaye Tsamiya Biyu da waya. A gari kuwa magana ta bazu cewa lauyan gwamnati ya sayar da shari'a. Wata ƴar jarida mai shafi huɗu ta buga, aka ce an ba ka gida, aka ce an ba ka mota, kai da ka mutu a gidan haya da mobilet mai shekara goma sha ɗaya. A nan ne na jira waɗanda suka ba ka umarni su fito su ce, mu ne. Layi ɗaya ya isa. Ba su rubuta ba. Maimakon haka suka aiko a bincike ka, don a nuna wa duniya ana aiki, aka yi wata shida ba a sami komai ba, ba a kuma wanke ka ba. Aka karɓe manyan shari'u daga hannunka aka bar ka da tsofaffin dosiye. Mulki ya sauya, masu kaki suka zo, waɗanda suka yi waya suka sauya hula suka zauna daram. Na roƙe ka ka fito da takardar nan marar sa hannu. Ka ce sirrin wanda kake karewa ba naka ba ne, kuma ko ba komai kai ka yi wa tsohuwa alkawari da bakin da ba naka ba, don haka ta yi daidai da ta kama ka. Tun daga ranar ba ka sake bin hanyar Jiratawa ba, ba ka kuma sake cin zogale ba, Rahmatu ce ta gaya mini wannan.

Ku da kuka yi wannan, na san wasunku za su karanta. Rana ta uku a wurin zaman makoki wakilinku ya zo da wasiƙar ta'aziyya daga Yamai, ya karanta da Faransanci, aka ce in juya wa jama'a. An kira Ilyasu amintaccen ma'aikaci, an ce ƙasa ta yi babban rashi. Na dubi ƙasan wasiƙar na ga sa hannu, babba, mai kyau, har da ƙawa. Sunan mutumin da ya kira shi a waya ne, domin Ilyasu ya taɓa gaya mini shi sau ɗaya. Ashe kun iya sa hannu. Na juya wasiƙar kalma bayan kalma, ban rage ba, ban ƙara ba. Kun ci amanar mutumin da ya fi ku son abin da kuke ci da sunansa. Ba na yafe muku, ba ni ma da hurumin yafewa, don a layinku nake tsaye.

Ilyasu, abin da ya hana ni sukuni shi ne abin da liman ya faɗa a Tibiri kafin a yi maka salla. Ya juyo ya ce duk wanda mamacin nan ya ɓata wa, ya dubi Allah ya yafe masa. Jama'a suka amsa, mun yafe. Na duba sahu-sahu, babu mutum ɗaya daga Jiratawa. Na san akwai wadda ba ta yafe ba, kuma na san za a sa ka a kabari da Allah ya isanta a wuyanka, a kan laifin da ba kai ka yi ba.

Rana ta huɗu na shiga mota na tafi Jiratawa. Na sami Inna Atika a gindin wata bishiyar bedi, a bakin wayar da ta kewaye fadamar, tana tsige ganyen zogalen wasu a kan lada. Ta tsufa ƙwarai. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, «Na gane ka. Kai ne bakin kotu.»

Na ce, «Inna, Ilyasu ya rasu.»

«Na jiya a rediyo. Ban ce komi ba, ban kuma yi mishi addu'a ba.»

Na gaya mata komai, wayar, takardar da babu sa hannu, tarin da ka yi sau biyu. Har na fara yi mata bayanin yadda gwamnati take namiji a Faransanci, sai ta ɗaga mini hannu.

«Ni ban san Faransanci ba, ɗan nan. Don haka anka aje ka.»

Ta mayar da hannunta cikin ganye. Sannan ta ce, «Shekara ukku da rabi, kowace asuba ina kai ƙarar bawan Allah wurin Ubangijinai, kai kana Maraɗi kana cin tuwo da harahi guda cikin baki?»

Na ce haka ne. Na ce in za ta ɗora wa wani, ta ɗora mini.

«Kai naka tsakaninka da shi ne, shi kau ya tahi. Ita wadda ta janye ɗin, ina gidanta? A wace unguwa take kwana, in tahi in same ta?»

Shekara ashirin da biyu ina aikin gwamnati, ni ma ban san gidanta ba.

Ta karkaɗe zanenta, ta juya gabas daga zaune, ta ɗaga hannu biyu. Ta ce, «Ya Allah, Kai ka ji abin da ni ce a kan ɗan Tibiri. Ban sani ba. Ni Atika na janye. Sauran kau, Ka san su, na bar Ka da su.» Ta shafa, ta yi maka Fatiha, ta cika ƙaramin buhu da zogale ta ce in kai wa matarka.

Ilyasu, ka yi shekara goma sha ɗaya kana saurarar bakina. Saurara sau ɗaya kuma, wannan karon ba sai ka yi tari ba. Ta janye.

Na rubuta wannan don a karanta shi a Maraɗi, a Tibiri, a kuma karanta shi da ƙarfi a Jiratawa ga waɗanda ba su iya karatu ba. Mushe Ilyasu Shaibu bai sayar da Tsamiya Biyu ba. An umarce shi, an ɓuya a bayansa, ni kuma na rufe ƙofar da harafi ɗaya. Gafararka ba zan ƙara samun damar nema ba a duniya, wannan kaya nawa ne, zan ɗauke shi har mu haɗu.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanka Ilyasu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabari, Ka sa ya huta daga shari'ar duniya. Ranar da babu lauya babu tafinta, Ka sa gaskiyarsa ta yi magana da kanta. Ka saka wa Inna Atika da mutanen Tsamiya Biyu, Ka ba su abin da ya fi wanda aka ƙwace musu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Rahmatu, wadda ta goge rigar nan ko a ranakun da ake nuna mijinta da baki a kasuwa, da ƴaƴansa Mansura, Habib da Tahira, da ƙannensa da dukan dangi na Tibiri. Ku ɗaga kanku, mahaifinku bai ci amanar kowa ba. Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci bayansa, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.

Zakari, tafinta
Sabon Gari, Maraɗi
Nuwamba 1998